Yadda Yahudawa Suke Koya wa 'Ya'yansu Littafi, da Abin da Za Mu Koya Daga Wurinsu

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:1-9; Luka 2:41-52; 2 Timoti 3:14-17
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6

Darasinmu na wannan karo ya shafi yaran da suke tsakanin shekara 11 zuwa 14, wato waɗanda suka ci jarrabawar CEP suka shiga kolej. Muna tunawa musamman da 'yan'uwanmu masu sauraro na Malanville, a bakin Kogin Kwara, da na Gaya a ƙetaren gada, da na Guéné, Garou, Madécali da Karimama. Amma maganar ta kowa ce, domin babu ikkilisiyar da ba ta da irin waɗannan yara.

Yaro mai waɗannan shekaru ya wuce a ba shi alewa a Makarantar Lahadi, bai kuwa kai zama cikin zumuntar matasa ba. Sau da yawa a nan ne muke rasa shi. A gari irin Malanville, mai babbar kasuwa, aiki ba ya ƙarewa. Namiji yana taya dakon buhunan albasa da shinkafa, ko yana bin yayansa mai kabu-kabu. Mace tana talla, ko tana tsaron rumfar uwarta. Wasu kuma sun baro ƙauyukansu domin kolej, suna zaune a gidan mai masauki, nesa da idon iyaye. Makarantar gwamnati ba ta koyar da Littafi Mai Tsarki, domin ba aikinta ba ne. To, wa zai koya musu?

Akwai wata al'umma da ta daɗe tana fama da wannan tambaya, wato Yahudawa. Daga cikinsu Ubangijinmu ya fito bisa ga jiki, daga hannunsu kuma muka karɓi Tsohon Alkawari. Bari mu duba yadda suke yi.

1. Umarnin ya fara daga gida

A Maimaitawar Shari'a sura 6, Musa yana magana da Isra'ilawa kafin su haye Urdun. Bayan ya tuna musu cewa Allah ɗaya ne, su kuma ƙaunace shi da dukan ransu, sai nan da nan ya juya kan 'ya'ya. Ya ɗora wa iyaye nauyin maimaita musu umarnan Allah a cikin harkar yau da kullum, a gida da a hanya, dare da safe. Mu lura, Musa bai miƙa wannan aiki ga firistoci su kaɗai ba. Uba da uwa ya ba.

Yahudawa sun riƙe wannan nassi da hannu biyu. Suna kiransa Shema, daga kalmarsa ta fari a Ibrananci, wadda take nufin a kasa kunne. Masu ibada a cikinsu suna karanta shi safe da yamma, yana kuma cikin abin da ake fara koya wa yaro da zarar bakinsa ya buɗe. Suna rubuta shi a ɗan guntun fata, su sa a cikin ƙaramin kwali mai suna mezuza, su manna a dogarin ƙofa, yaro yana ganinsa duk shiga da fita.

Haka kuma a Idin Ƙetarewa. A Fitowa sura 12 da 13 Allah ya riga ya faɗa cewa yara za su tambayi ma'anar idin, ya kuma umarci iyaye su ba da amsa. Har wa yau, a daren idin, ƙaramin yaro a gida ne yake tashi ya yi tambayoyi huɗu, sa'an nan manya su ba da labarin fitowa daga Masar. Watau an shirya idin ne yadda yaro zai yi tambaya.

Littafin Mahukunta 2:10 ya nuna abin da yake faruwa idan aka yi sakaci. Bayan mutuwar Joshuwa da tsaransa, wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Iyayensu sun ga rushewar Yariko da idonsu. Tsara ɗaya tak ta isa a manta.

2. Daga gida zuwa makaranta

Ba kowane yaro yake da uban da zai koya masa ba. Akwai marayu, akwai waɗanda iyayensu ba su iya karatu ba. Littattafan Yahudawa sun ba da labarin wani babban firist mai suna Yoshuwa ɗan Gamla, wanda ya yi aiki wajen shekara ta 64 bayan haihuwar Almasihu. Shi ne ya kafa doka a sa malaman yara a kowane lardi da kowane gari, a riƙa kawo yara tun suna da shekara 6 ko 7. Malaman da suka zo daga baya har sun ƙayyade yawan ɗalibai: malami ɗaya ga yara 25, in sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 a nemo malami na biyu.

Bayan 'yan shekaru kaɗan, a shekara ta 70, Romawa suka rushe Urushalima suka ƙone Haikali. Bagade ya tafi, hadaya ta tsaya, mutane da yawa suka warwatsu. Wani malami, Yohanan ɗan Zakkai, ya tattara almajirai a wani gari mai suna Yabne, ya ci gaba da karantarwa. Daga nan majami'a da makaranta suka zama ginshiƙin rayuwarsu. Shekaru kusan 1,900 suka yi ba su da ƙasa tasu, suna zaune tsakanin al'ummai masu wasu addinai da wasu harsuna, amma ba su narke ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne, kowace tsara ta zaunar da 'ya'yanta ta koya musu Littafi.

Mutanen Malanville sun san yadda abin duniya yake tsayawa farat ɗaya. A shekara ta 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka. Manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi dogon layi, kaya suka lalace, masu dako da masu sayar da abinci suka rasa ciniki, mutane suka koma haye kogi da kwalekwale. Dukiyar da uba ya tara wa ɗansa tana iya maƙalewa a bakin gada. Abin da ya zuba masa a zuciya kuwa, ba shingen da zai tare shi, ba ma'aikacin duwan da zai ƙwace.

Wajen shekara ta 200 aka tattara koyarwar malamansu a cikin littafin da ake kira Mishna. A ciki an tsara matakan karatu bisa ga shekarun yaro: ya fara Littattafai Masu Tsarki a shekara 5, koyarwar malamai a shekara 10, ya ɗauki nauyin kiyaye umarnai a shekara 13, zurfafan muhawara kuma a shekara 15. A ƙasar Jamus, a zamanin dā, akwai wata al'ada mai daɗi. Ranar da aka fara kai yaro wurin malami, sai a rubuta haruffa a allo, a shafa musu zuma, yaron ya lasa, domin tun ranar fari ya san cewa Maganar Allah tana da zaƙi.

3. Makarantar yini ta Yahudawa a yau

Da ilimin zamani ya zo, Yahudawa ma sun shiga damuwar da muke ciki: a tura yaro boko ya rasa addini, ko a hana shi boko ya rasa abin yi? Amsar da da yawansu suka bayar ita ce a haɗa biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wata ƙungiyarsu da aka kafa a Faris a 1860, Alliance Israélite Universelle, ta buɗe makarantarta ta fari a Tetuwan ta ƙasar Maroko a 1862, inda ake koyar da Faransanci da lissafi tare da Ibrananci. A Amurka kuma, a 1944, lokacin da ake hallaka Yahudawan Turai, aka kafa ƙungiyar Torah Umesorah domin a buɗe makarantun yini a garuruwan da Yahudawa suke zaune.

A irin wannan makaranta ana raba yini biyu. Kashi ɗaya na lissafi, kimiyya, tarihi da harshen ƙasa ne, ɗayan kuma na karatun addini, wanda yakan ɗauki sa'a biyu ko uku, a wasu makarantun ma rabin yini. Ga abin da yaro mai shekara 11 zuwa 14 yake yi a wannan kashi.

Yana karanta Attaura da littattafan annabawa a cikin Ibrananci, harshe mai haruffa 22 da ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ba a barinsa da karatu kawai. Ana koya masa ya duba bayanin malaman dā, musamman Rashi, wanda ya rayu a Faransa ya rasu a 1105, ya kuma faɗi wace matsala malamin ya gani a ayar har ya yi bayani.

Yana bin karatun mako. An raba littattafan Musa biyar kashi 54, ana karanta su a majami'a kowace Asabar har a sauke cikin shekara guda, ranar da aka sauke kuma a sake farawa daga Farawa. Abin da yaro ya koya a aji cikin mako, shi zai ji a majami'a ranar Asabar, shi ne kuma za a tambaye shi a gida wajen cin abinci. Gida, makaranta da majami'a suna kan shafi ɗaya.

Yana karatu da aboki. Ana zaunar da yara biyu biyu, suna karanta wa juna da ƙarfi, ɗaya ya faɗi abin da ya fahimta, ɗayan ya ja da shi. Suna kiran wannan habruta, wato abota. Ajin yakan cika da surutu, malami yana zagayawa. Yaron da ya kawo tambaya mai wuya yakan sami yabo.

Yana kuma shirin ɗaukar nauyi. Namiji a shekara 13 yakan zama bar mitzba, ma'ana wanda umarni ya hau kansa, mace kuma bat mitzba a shekara 12 ko 13. Yaron yakan yi watanni yana shiri, sa'an nan ya tsaya gaban jama'a ya karanta nassi, ya kuma yi ɗan gajeren bayani a kansa. Daga ranar ana lissafa shi cikin masu sujada.

Game da 'yan mata, akwai labarin da ya kamata zumuntar mata su ji. A birnin Krakow na ƙasar Folan akwai wata mai ɗinki, Saratu Schenirer. Ta ga ana tura maza wurin malamai, 'yan mata kuwa suna zuwa makarantar gwamnati kawai, suna girma ba su san addininsu ba. A 1917 ta tara 'yan mata kaɗan a ɗaki ta fara koya musu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makarantun da suka fito daga wannan ɗaki sun bazu a ƙasar, suna da dubban ɗalibai, har yanzu kuma ana samunsu a ƙasashe da yawa da sunan Bet Yakub.

Mu yi lissafi kaɗan. Yaron da yake samun sa'a ɗaya a Makarantar Lahadi, ko da bai yi fashi ko sau ɗaya ba, sa'a 52 ke nan a shekara. Yaron da yake samun sa'a biyu kullum, kwana biyar a mako, ya wuce wannan kafin mako shida su cika. Ba ma sai mun je nesa ba. Maƙwabtanmu Musulmi a Malanville suna tura 'ya'yansu makarantar allo da asuba da dare, yaro yana biya izu bayan izu har ya sauke sittin. Idan ɗanka ya zauna benci ɗaya da yaron da ya san littafinsa, aka tambaye shi dalilin da ya sa Kirista suke cewa Yesu ya mutu ya tashi, me zai ce?

4. Yesu, Bulus da Timoti

Sabon Alkawari ya nuna mana amfanin irin wannan reno. Labari guda da muke da shi na ƙuruciyar Yesu ya faru yana da shekara 12, daidai shekarun yaran da muke magana a kansu. Luka ya ce iyayensa sun same shi a Haikali tsakiyar malamai, yana kasa kunne yana kuma yi musu tambayoyi. Malaman ba su kore shi don yaro ne ba. Bayan haka ya koma Nazarat ya yi wa iyayensa biyayya.

Bulus ya yi karatu a gaban Gamaliyel (Ayyukan Manzanni 22:3), bayan tubansa kuma wannan ilimi ne ya yi amfani da shi a majami'u yana nuna cewa Yesu shi ne Almasihu. Timoti kuwa, ubansa Baheline ne (Ayyukan Manzanni 16:1), amma uwarsa Afiniki da kakarsa Lowis sun koya masa Littattafai tun yana ƙarami. Wannan ta'aziyya ce ga 'yar'uwar da mijinta ba mai bi ba ne, da kakar da aka bar wa jikoki. Daniyel da abokansa ma an kai su makarantar sarkin Babila shekara uku, aka canja musu suna da harshe, suka fi kowa ƙoƙari a karatun, duk da haka ba su ƙazantar da kansu ba, domin sun zo da abin da aka shuka musu a gida. Saboda haka kada kowa ya cire ɗansa daga lakwal da sunan tsoron Allah. A ba shi biyun.

Akwai gargaɗi kuma. A Yahaya 5:39-40 Yesu ya yi magana da mutanen da suke nazarin Littattafai ƙwarai, amma suka ƙi zuwa wurinsa, shi wanda Littattafan suke yi wa shaida. Sanin aya bai zama ceto ba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa Littattafai suna ba da hikimar da take kai ga ceto ta wurin bangaskiya ga Almasihu Yesu. Muna girmama himmar Yahudawa, muna koyi da ita, muna kuma yi musu addu'a kamar yadda Bulus ya yi a Romawa 10:1. Amma burinmu shi ne yaro ya san Yesu da kansa, ya ba shi ransa.

5. Abin da za mu iya yi

Yawancin ikkilisiyoyinmu ba su da ƙarfin gina makaranta. Akwai dai abubuwan da ba sa bukatar siminti.

Ga iyaye. Ku keɓe minti 15 kowane dare bayan tuwo, a kashe rediyo, a ajiye waya. Minti 15 kullum ya haura sa'a 90 a shekara, kusan ninki biyu na Makarantar Lahadi. Da yayyafi kogi kan cika. Ku fara da Luka, sura 24 ce. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, wanda ya karanta sura ɗaya kullum zai sauke kafin wata tara. In ba ka iya karatu ba, ba ɗanka Littafin ya karanta maka, kai kuma ka yi masa bayani daga abin da ka sani na tafiya da Ubangiji. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Yaron da ya iya karanta Faransanci ba zai daɗe ba zai gane Hausa a rubuce.

Ku bar su su yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Yaron da aka tsawata wa don ya tambayi yadda Allah yake Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, zai kai tambayarsa wani wuri, can kuwa za a amsa masa. In tambayar ta fi ƙarfinka, ku tafi wurin fasto tare.

Ku duba ranar Ubangiji. In ciniki ya faɗo ranar Lahadi, kada kullum yarinya ce za a bari a rumfa domin manya su je sujada. Ribar safiya ɗaya ba ta kai ranta ba.

Ga ikkilisiya. A raba 'yan kolej da ƙananan yara, a ba su ajinsu da malami wanda ya fi kowa shiri. A nemi lokaci na biyu cikin mako, kamar la'asar ɗin Laraba, da mako ɗaya ko biyu a lokacin babban hutu. Fasto ya sanar da nassin wa'azi tun mako guda kafin lokaci, domin gidaje da aji su karanta shi tare. A zaunar da yara biyu biyu su karanta, su kawo tambayoyinsu. A ba mai shekara 12 ko 13 dama ya karanta nassi a gaban jama'a bayan an shirya shi sosai, a kuma fara masa ajin baftisma in ya ba da gaskiya. Dattawa su rubuta sunayen yaran masu bi da suka zo kolej daga ƙauye, kowane yaro a ba shi gidan da zai riƙa cin abincin Lahadi, a kuma riƙa tambayar lafiyarsa da karatunsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yake aji na fari a kolej bana, bayan shekara huɗu zai zauna jarrabawar BEPC, wataƙila ya wuce Kandi, Parakou ko Kwatano, inda ba mai tashinsa zuwa sujada. Shekarun nan huɗu su ne a hannunmu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 6:6-7, me dole ya fara zama a zuciyar iyaye kafin su koya wa 'ya'ya?
2. Yara nawa masu shekara 11 zuwa 14 suke cikin ikkilisiyarku? Kun san sunayensu? Su wane ne suka daina zuwa?
3. Wace tambaya ɗanka ko 'yarka ta taɓa yi maka game da bangaskiya wadda har yanzu ba ka amsa ba?
4. Wane lokaci ne a gidanku za ku keɓe domin karatu tare, daga wannan mako?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka sa Maganarka ta zauna a zukatanmu, domin mu sami abin da za mu ba su. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba malaman Makarantar Lahadi hikima. Ka kiyaye yaranmu a lakwal, a kasuwa da a bakin kogi, musamman waɗanda suke nesa da gida. Ka sa su san Littafinka, su kuma san Ɗanka wanda Littafin yake shaida. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.